Gaɓar da Ba Ta Tsayawa: Gashin Sankarar Kai da Wuya

Duk wanda ya zauna bakin ruwa a Yelwa, ko Wara, ko ƙauyukan Shanga masu kallon Kwara, ya san gaɓa ba ta da alkawari. Inda aka ɗaure kwale-kwale da hunturu, bayan 'yan watanni sai ka tarar da mutum tsugune yana shuka. Tun 1968 da aka gama madatsar Kainji tafkin yake wannan numfashi, ya cika ya ja, ya cika ya ja. Ambaliya biyu ke ciyar da shi a shekara: ta damina mai laka, wadda ruwan saman yankinmu ke kawowa, da wata mai garau da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ta yi watanni tana ratsa Mali da Nijar kafin ta iso mana da rani. Shi ya sa matuƙin da ya san aikinsa ba ya tuƙi da sanin watan jiya. Kututturen da ya bi ta kansa lafiya wancan karo, yau shi zai fasa masa jirgi.

Na soma da ruwa ne don in sami ƙofar shiga wata magana ta asibiti, wadda nake ganin mutanen bakin tafki sun fi kowa kayan gane ta. Idan za a yi wa mai sankarar kai da wuya gashi, rana ɗaya ake zana taswirar cikin jikinsa, sannan a yi mako bakwai ana aiki da ita. Jikin kuwa ba ya zama ya jira.

Sankarar kai da wuya suna ne da ya tara ciwuka da yawa: ta bayan hanci can saman maƙogwaro, ta kogon hanci, ta harshe da dasashi, ta maƙoshi, ta akwatin murya. A asibitocin Arewa, ta bayan hanci da ta kogon hanci da ta akwatin murya suna cikin waɗanda likitoci suka fi cin karo da su. Taba da giya suna da hannu a wasunsu, ta bayan hanci kuma tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta da ake kira Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 cikin tsokar da aka aiko Landan daga Yuganda. Mugun halin ciwon shi ne yadda yake sallama a hankali. Hanci ɗaya ya toshe, haɓo ya riƙa zuwa jefi-jefi, kunne ɗaya ya dode, murya ta dishe ta ƙi washewa, ko kaluluwa ta fito a wuya ba zafi ba ƙaiƙayi. Wane masunci ne zai bar taru a ruwa ya hau motar Sakkwato saboda kaluluwa? Sai a bi ta kemis, a bi ta wanzami, a yi shafi, a yi tofi. Kafin a kai ga yankar tsoka a yi gwaji, abin da ya fara kamar gujiya ya zama lemo, wani ma ya fi. A riƙe wannan, don shi ne gindin abin da zan faɗa a gaba.

Sunan gashi yana tsorata mutane, har wasu su ɗauka wuta za a kara musu. Babu wuta, kuma a lokacin da ake yi mutum ba ya jin komai. Haske ne da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi amma ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana ratsa jiki ya kakkarya kundin gadon da ke cikin ƙwayoyin halitta, su kasa haihuwar wasu. Lafiyayyar tsoka ta fi sankara iya gyara kanta tsakanin yau da gobe, saboda haka ba a juye maganin gaba ɗaya, gutsura shi ake yi. Ma'auninsa Gray, da sunan wani masani ɗan Ingila, kuma abin da aka saba bayarwa ga ƙari irin wannan Gray 70 ne a zama 35: biyu kowace rana, Litinin zuwa Juma'a, mako bakwai. Sau da yawa ana haɗawa da ƙarin ruwan maganin sankara, wanda ke ƙara wa gashin kaifi, ya kuma ƙara wa jiki wahala.

Matsalar wuya ita ce cunkoso. Ya fi kasuwar kifi matsi. Tsakanin kunne da allon kafaɗa akwai laka, wadda ba a so ta sha fiye da Gray 45 zuwa 50, don idan ta lalace mutum ya shanye ke nan. Akwai gindin ƙwaƙwalwa, da jijiyoyin gani, da kunnen ciki, da muƙamuƙi. Akwai kuma ƙullutun yawu guda biyu da ke gaban kunnuwa, waɗanda ke kumbura idan yaro ya yi hangum. Su ana ƙoƙarin kada matsakaicin abin da suka sha ya wuce Gray 26. Ƙarin da ake son ba wa 70 yana iya zama jingine da abin da ba ya jure 30.

Mai lafiya ba ya sanin yawu dukiya ne. Wanda gashi ya ƙone masa ƙullutun nan zai rayu da baki kamar busasshen rafi. Tuwo ba ya wucewa sai da ruwa, gasasshen kifi ya zama abin kallo, haƙora su rube, magana ta yi nauyi. Malami ya kasa ja wa almajirai baƙi, ladan ya bar kiran salla, azumi ya zama wani jihadi daban. Ya warke daga sankara, amma gorar ruwa ba ta sake barin hannunsa. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro gashi mai sarrafa ƙarfin haske, inda na'ura ke zagaya kai tana buɗe ƙananan ganyayen ƙarfe tana rufewa, ta sassaƙa hasken daidai siffar ƙarin, ta kauce wa maƙwabta. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna PARSPORT, da aka buga sakamakonsa a 2011, ya nuna amfanin: shekara guda bayan magani, kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tsohon salo suna fama da bushewar baki mai tsanani, a sabon salo kuwa kashi 38.

To, kafin a kai ga wannan sassaƙa sai an yi awo. Ana kwantar da mutum, a ɗauko faifan roba mai huji-huji kamar rariya, a jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, a lulluɓa masa daga goshi zuwa kafaɗa. Cikin mintoci sai ya sandare da siffar fuskarsa. Wannan takunkumi shi zai riƙa ɗaure shi da gado kullum, don kai ya koma inda yake jiya. Da shi a fuska ake ɗaukar hoton CT, wanda ke yanka jiki faifai-faifai. Likita ya zauna gaban kwamfuta ya bi kowane faifai yana zagaye ƙari da kaluluwa da duk gaɓar da za a kare. Masanin fizis na asibiti ya karɓa, ya lissafa ta ina haske zai shiga da nawa. Aikin kwanaki ne. Ratar da ake bari don kuskuren kwanciya ba ta wuce milimita 3 zuwa 5, wato kamar faɗin ƙwayar dawa.

Kaifin nan da ake yabo, shi ne kuma abin tsoro. Tsohon gashi kamar taru ne mai faɗi: yana kama abin da ake so da wanda ba a so, amma ko kifi ya gusa yana ciki. Sabon kamar mashi yake. Idan abin da ka auna ya matsa, ka soki wani.

A wani bincike da aka buga a 2004, wasu likitoci a cibiyar MD Anderson da ke Houston a Amurka suka ce bari su ga nawa jikin ke matsawa. Suka ɗauki marasa lafiya 14, suna maimaita musu hoton CT sau da yawa a mako har aka gama gashi. Ƙarin yana raguwa da kusan kashi 2 cikin ɗari kowace ranar magani, a ƙarshe ya zubar da kusan kashi 70 na girmansa. Nauyin jiki ya ragu da kimanin kashi 7. Ƙullutun yawu suka tsuke, kuma suka gusa ciki da wajen milimita 3. Ciki kuwa can ne wutar ta fi ƙarfi. Dalilin a bayyane yake. Daga mako na biyu zuwa na uku baki da maƙogwaro suna sāɓulewa, haɗiya ta zama azaba, ɗanɗano ya gudu, mutum ya rame. Kumatu su faɗa, wuya ya sirance, takunkumin da ya kama cif ya soma lilo. Hasken da aka lissafa zai ratsa tsoka mai kauri kafin ya kai laka, yanzu tsokar ta tafi, sai ya isa da sauran ƙarfinsa.

Tunanin gyara taswira a tsakiyar tafiya ya riga wannan bincike. Di Yan da abokan aikinsa a asibitin William Beaumont da ke Michigan ne suka fito da shi a rubuce a 1997: a riƙa auna mara lafiya yayin magani, abin da aka gani ya koma cikin lissafi. Faɗarsa sauƙi. Aikin yana buƙatar a ɗauki hoton farko da na yau a ce wannan ɗigo na can shi ne wannan na nan. Wannan shi ne daidaita hoto kan hoto, kuma iri biyu ne.

Na farko zan kira shi daidaitawa ta ƙashi. Ka ɗauka kana da taswirar tafki biyu a kan takarda mai shara-shara, ɗaya ta lokacin cika, ɗaya ta lokacin ja. Ba za ka haɗa su ta bakin ruwa ba, sai ta abin da ba ya motsi: dutse, hasumiyar masallaci, bangon madatsa. Ka tura ta sama dama ko hagu, ka ɗan juya ta, har duwatsun su hau kan juna. A jiki ƙashi ne dutsen. Kwamfuta tana da motsi shida kacal, turi uku da juyi uku, kuma na'urorin zamani suna ɗauke da ɗan hoton CT a jikinsu, su ɗauka kafin kowane zama, gado ya gusa da kansa ya gyara kwanciya. Sai dai wuya ba sanda ba ne. Ƙashinsa bakwai ne, ga muƙamuƙi mai motsin kansa, ga kafaɗu da ke hawa su sauka. Ka daidaita ƙoƙon kai, gindin wuya ya goce. Kuma ko ƙasusuwa sun hau daidai, ba su ce komai ba game da tsokar da ta zube.

Nan ne na biyu ke shigowa, daidaitawa ta tsoka. Ka shimfiɗa taru a kan hoton farko, kowane ƙulli a kan wani wuri. Kwamfuta ta riƙa jan ƙullayen ɗaya-ɗaya, wannan ciki, wancan ƙasa, maƙwabtansa su biyo shi gwargwado yadda zaren taru ke yi, hoton yana lanƙwashewa har ya yi kama da na yau. An kafa mata sharaɗi kada ta yaga tarun, kada ta naɗe shi. Daniel Rueckert da abokansa a Landan suka bayyana wannan dabara ta ƙullaye a 1999, shekara guda bayan Jean-Philippe Thirion a Faransa ya kawo tasa hanyar. Abin da ke fitowa a ƙarshe jadawali ne na kibiyoyi, miliyoyi, kowace tana cewa ɗigo kaza ya tashi daga nan ya koma can.

Akwai wani ɗan abu da ke burge ni a nan. Hoton CT da na MRI ba yare ɗaya suke ji ba: ƙashin da ke fari fat a wannan, baƙi ne a wancan. Ta yaya za a haɗa su? A 1995 masana a MIT ta Amurka da wasu a Leuven ta Beljiyam, kowa da nasa aikin, suka faɗo kan amsa guda. Ba sai launi ya zo ɗaya ba, a dai duba ko duk inda wannan ya ce kaza, wancan yana faɗin abu guda ba ya sauyawa. Kamar ka zauna tsakanin Bagunge da Bakambare ba ka jin ko ɗaya, amma ka lura duk lokacin da aka ɗaga kifi kowa da kalmar da yake maimaitawa. A haka tafinta ke samuwa.

Da kibiyoyin nan ake cin riba uku. Zanen da likita ya ɓata sa'o'i yana yi ana ɗauko shi a ɗora a kan sabon hoto, ya duba ya gyara maimakon ya faro daga tushe. Ana iya lissafa abin da tsohon tsari ke yi wa jikin yau, a ga ko laka ta fara shan abin da ba nata ba. Ana kuma iya tara abin da kowane ɗigo ya sha tun ranar farko, duk yawon da ya yi. Idan lissafi ya nuna an kauce, sai a yi sabon takunkumi, sabon CT, sabon tsari, a ƙarasa da shi.

Yanzu ga inda ya kamata a yi hattara, kuma masu tallar na'ura ba su cika daɗewa a nan ba. Dabarar taru ta ginu a kan zaton cewa duk abin da ke hoton farko yana nan a na biyu, matsawa kawai ya yi. Ka ba kwamfuta taswirar Kwara ta kafin 1968 da ta yau, ka ce ta nemo maka tsohuwar Busa. Garin yana ƙarƙashin ruwa, mutanensa sun koma sabuwar Busa. Kwamfuta ba ta san kalmar babu ba. Za ta jawo wani tudu na kusa ta shimfiɗa a wurin, ta miƙo maka amsa fes ba ko ɗar. Haka take yi da ƙarin da ya narke, da kogon hancin da ya toshe jiya ya buɗe yau. A tsakiyar tsoka mai launi ɗaya ma, inda ba ta da alamar kamawa, kibiyoyinta kintace ne. Don haka ƙungiyar masana fizis na asibiti ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017, ƙarƙashin jagorancin Kristy Brock, wanda ya ce a gwada kowace manhaja kafin a amince mata, kuskure ya tsaya wajen milimita 2 zuwa 3, kuma kowace daidaitawa sai ɗan'adam ya duba ta da idonsa.

Tarko na biyu ya fi wannan haɗari. Idan ƙari ya ragu a hoto, zuciya tana raya wa mutum a rage filin gashi a bi shi. Amma ja iri biyu ne. Kaluluwa mai kyakkyawar iyaka takan tsuke ta jawo kewayenta, kamar jakar da aka zare wa iska. Ƙarin da ya yi saiwa cikin tsoka kuwa ja yake irin na tafki: ruwa ya tafi, ya bar kududdufai a baya, kuma kowane yaro a Ngaski ya san akwai kifi a cikinsu. Hoto ba ya ganin waɗannan 'yan ƙwayoyi. Saboda haka likitoci masu taka-tsantsan suna gyara tsari don ya dace da sabuwar siffar wuya, ya kare laka da yawu, amma ba sa sakin wurin da ciwon ya taɓa zama.

Shin duk wannan wahala tana biya? Faransawa sun gwada. A gwajin ARTIX, wanda likitocin Rennes suka jagoranta aka buga a 2023, an raba marasa lafiya 132 masu sankarar maƙogwaro gida biyu. Wasu aka bar su da tsarin farko, wasu ana sake musu tsari kowane mako. Bayan shekara, yawun da ɓangarorin biyu ke fitarwa bai bambanta yadda aka sa rai ba. Wannan sakamako ya sanyaya gwiwar masu cewa kowa a yi masa kullum, duk da cewa tun 2019 akwai na'urar da ke iya sake tsari mutum yana kwance a kan gado, wadda aka fara aiki da ita a Denmak. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne gyaran tsari magani ne na wanda jikinsa ya sauya da yawa, ba sadaka ba ce da ake raba wa kowa.

Wane ne kuwa jikinsa ke sauyawa da yawa? Mu dawo gida. Mu ɗauka wani magidanci ne daga wani gungu a ƙasar Ngaski. Ya bi ta babban asibitin Yauri, an tura shi Birnin Kebbi, daga can an ce sai inda ake gashi. Mafi kusa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, in daga Yauri aka taso, ta Koko da Jega da Tambuwal. In ba can ba, sai Shika a Zariya, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ko sabuwar cibiyar da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina a Yulin 2025. Ya iso da kaluluwa kamar lemo, ya yi watanni ba ya cin kirki, zai kuma yi mako bakwai a garin da ba nasa ba, yana cin abin da aljihun ɗan rakiya ya iya saye. Babban ƙari shi ke da abin zubarwa. Ramammen jiki shi ke saurin faɗawa. Mutumin Houston ko Rennes, da likitan abinci a gefensa, wuyansa bai kai na wannan sauyawa ba. A ganina, hujjar sake awo ta fi ƙarfi a Sakkwato fiye da inda aka ƙirƙiro ta, kuma sakamakon Faransa bai rushe wannan ba, domin ba irin marasa lafiyarmu aka gwada ba.

Akwai ma sauyin da littattafansu ba su cika kulawa da shi ba, saboda ba ya damunsu. A can ƙari raguwa yake yi bayan awo. A nan yana iya ƙaruwa, idan aka ɗauki hoto sannan layi ya yi tsawo, ko kuɗi suka yanke aka koma gida sayar da albasa ko saniya. Taswirar ta tsufa tun ba a fara tafiya ba. Sannan ga tsayawar na'ura a tsakiyar magani, ciwon da ya daɗe yana damun cibiyoyin gashi a Najeriya, ko don wani ƙarfe ya lalace ko don wuta. Abin da ɗaci a ce mutumin da aka tayar da kakanninsa daga gungu don a kafa injinan megawat 760 shi ne ke zaune a benci yana jiran lantarki. Kuma jiran ba banza yake wucewa ba. Wani masani mai suna Rodney Withers ya nuna tun 1988 cewa bayan kamar mako huɗu da fara gashi, ragowar ƙwayoyin sankarar kai da wuya suna ƙara saurin haihuwa, har kowace ranar da aka tsallake tana cinye fiye da rabin Gray na abin da aka riga aka bayar. A Birtaniya ƙa'idarsu ita ce kada maganin irin wannan mara lafiya ya zarce lokacinsa da fiye da kwana biyu.

Idan dole ta sa aka koma wata cibiya a ƙarasa, daidaita hoto ne kaɗai zai gaya wa sabon likita abin da laka ta riga ta sha, don ita ba ta mantuwa. Wannan kuwa ba ya yiwuwa da baƙar ledar hoto da ake ɗagawa a hasken taga. Kwamfuta ainihin bayanan take so. Duk wanda aka yi wa CT ko MRI, a Birnin Kebbi ne ko a ina, ya roƙi a sa masa a faifai ko filashi, in an fara gashi kuma a haɗa da tsarin da lissafinsa. A adana shi yadda ake adana takardar gona.

Zan yi adalci ga ma'aikatan. Sake tsari yana cin sabon takunkumi, da gurbi a na'urar CT, da sa'o'in likita da na masanin fizis, waɗanda a ƙasar nan ƙidaya su ba ta da wuya. Duk sa'ar da aka ba wanda ke tsakiyar magani, an ɗauke ta daga wani da bai fara ba. Babu amsa mai daɗi ga wannan, amma akwai tsaka-tsaki, kuma ba ta buƙatar na'urar Denmak. Cibiyar da ke da CT da kwamfutar tsari tana iya ware waɗanda suka zo da manyan kaluluwa ta sa musu ranar sake hoto tun farko, wajen mako na uku zuwa na huɗu, lokacin da sauyin ya fi bayyana kuma akwai sauran zama da za a ceta. Sauran a bi su da sikeli kowane mako, a sa iyakar ramar da in an kai ta za a sake dubawa. Cibiyoyi sun bambanta a kan iyakar, wasu kashi 5 cikin ɗari, wasu 10. Masu koyo kuma suna da manhajoji na kyauta irin su 3D Slicer da elastix da za su goge hannu a kai.

Kebbi ba baƙuwa ba ce a zancen sankara. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid ta kuma yi shekara takwas tana wayar da kai a jihar, an zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, karon farko ga Afirka. Farfesa Usman Malami Aliyu, da aka ba shugabancin cibiyar binciken sankara ta ƙasa a 2023, likitan gashi ne da ya fito daga asibitin Sakkwato. Sai dai wayar da kan ta fi karkata ga mama da bakin mahaifa, asusun tallafin tarayya ma da waɗannan biyu da na mafitsarar maza ya fara. Mai kaluluwa a wuya yana bayan layi. Da ma'aikacin ƙaramin asibiti a Shanga ko Wara zai saba da cewa kumburin wuya marar zafi da ya wuce mako uku, ko dishewar murya da ta ƙi tafiya, ba na allura da ƙwaya ba ne, da rabin sauyin da ake wahalar bi da kwamfuta bai taso ba.

Ragowar rabin kuma yana cikin kwano. Ramar da aka hana ta fi wadda aka bi da lissafi arha. Kunun gyaɗa, fura da nono mai laushi, ƙwai, romon kifi ba yaji, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da kurkure baki da ruwan gishiri. A ga likitan haƙori kafin a fara. Idan aka ce za a sa robar abinci ta hanci, kada dangi su ɗauka alamar ajali ce, ita ke riƙe wuyan a kan awonsa.

Kuma ɗan rakiya yana da aikin da babu na'urar da za ta yi masa. Shi ke ganin hula ta fara faɗowa kan kunne, shi ke ganin wuyan riga ya yi yawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mara lafiya da kansa ya fi kowa sanin ranar da ya iya juya haɓa a cikin takunkumin da a da ko ƙifta ido yake da ƙyar. Kunya takan hana faɗa, a ga kamar za a koya wa ma'aikaci aikinsa. Ma'aikacin kuwa yana da mutum da yawa a layi, kuma wannan labari shi yake nema. Kafin a kulle ƙofar ɗakin gashi, ɗan ya matsa kusa ya ce, «Malam, a duba mana, abin fuskar nan ya yi wa Baba yawa.» Sai ma'aikacin ya zura yatsa tsakanin roba da kumatu. Idan ya shige, a kira likita.